3.4 Hanyar Mayar da Rubutun Kwamfuta Zuwa Littafin Waya

Kamar yadda aka ambata a baya, marubucin da ke Sule Tankarkar ko Gagarawa yana nesa da maɗaba'un Kano, ga kuma tsadar takarda. Saboda haka da yawa sukan tura rubutunsu ta WhatsApp a tsarin PDF. Sai dai shafin PDF a kafe yake, ba ya bin girman fuskar waya, don haka mai karatu kan yi ta jan rubutu hagu da dama. Tsarin EPUB, wanda ya fito a shekarar 2007, shi ne ya magance wannan matsala, domin layukansa kan daidaita da kowace irin waya.

Akwai manhajoji na kyauta da ke wannan aiki. Ta farko ita ce LibreOffice, wadda tun daga fitowarta ta 6.0 a 2018 take iya fitar da EPUB kai tsaye. Ta biyu ita ce Calibre, wadda Kovid Goyal ya fara a 2006, tana kuma juya fayil ɗin DOCX zuwa EPUB. Dukkansu, da zarar an sauke su, ba sa buƙatar intanet.

Matakan aikin uku ne. Da farko, a sanya wa kan kowane babi salon kanu na cikin manhajar, ba a ƙara masa girma da hannu ba, domin da wannan salo ne ake gina jerin abubuwan da ke ciki. Na biyu, a tabbatar haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, na Unicode ne. Tsofaffin samfuran haruffa sukan ari gurbin wata alama, idan aka juya fayil sai "ƙasa" ta lalace, ko ta koma "kasa", ma'ana ta sauya. Na uku, a cusa samfurin haruffa irin su Charis SIL cikin littafin, sannan a gwada shi a ƙaramar waya kafin a raba.

Daga ƙarshe, ya kamata marubuci ya adana ainihin fayil ɗinsa. Rufe dandalin OkadaBooks a 2023 ya nuna cewa kasuwar intanet kan iya watsewa, amma littafin da ke hannun mai shi yana nan.