Dangantakar Tsirrai da Ƙwaƙwalwar Ɗan Adam

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta fi kashi 2 cikin ɗari na nauyin jikinsa ba, amma tana cinye kimanin kashi 20 cikin ɗari na ƙarfin da jiki yake samu daga abinci. Ƙasusuwan da aka tono a gabashin Afirka sun nuna cewa, shekara miliyan 3 da suka wuce, ƙwaƙwalwar halittun da masana suke dangantawa da mutum ba ta wuce sulusin ta yau ba. To, da me aka ciyar da ita har ta kai haka?

Nama ya taimaka, amma ainihin abincin ƙwaƙwalwa sukari ne, wanda jiki yake tacewa daga saiwoyi da tsaba masu sitaci. A 2009 Richard Wrangham na Jami'ar Harvard ya kawo hujjar cewa dafuwa ce ta sauƙaƙa wannan aiki, domin dafaffen abinci ya fi ɗanye saurin narkewa. Bugu da ƙari, binciken da aka buga a 2007 ya nuna cewa al'ummomin da suka daɗe suna dogara da hatsi sun fi yawan ƙwayoyin gado masu samar da sinadarin narkar da sitaci a cikin yawu.

Sai dai ba abinci kaɗai tsiro yake bayarwa ba. Tun da ba shi da ƙafar gudu, dafi ne makaminsa. Kafeyin da ke cikin goro da gahawa, da nikotin da ke cikin taba, kariya ce daga ƙwari. Da yake jijiyoyin ƙwari da na mutum suna aiki da sinadarai masu kama da juna, abin da yake kassara ƙwaro sai ya wartsakar da mutum. Kafeyin yakan tare gurbin sinadarin da yake sanar da ƙwaƙwalwa gajiya, shi ya sa mai cin goro yake kasa barci.

Shi ma mutum ya sauya tsirrai. Geron daji yakan zubar da tsabarsa da kansa, amma wanda aka noma a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali, kimanin shekara 4,500 da suka wuce, yakan riƙe ta a zangarniya har a girbe. Watau gero ya dogara da manomi kamar yadda manomi ya dogara da shi. Saboda haka, duk irin da aka bari ya ɓace, an yi asarar wahalar kakanni ta dubban shekaru.