"Kai Ɗan Wane Gari Ne?": Hira da 'Ya'yan Zango da Ke Jami'a

Duk lokacin da jami'o'i suka ba da hutu, tsofaffin ɗalibaina sukan biyo gida su gaishe ni. A wannan karon su biyar ne suka yi sallama bayan la'asar: uku daga Legon, ɗaya daga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi, sai mace ɗaya daga Jami'ar Cape Coast. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura. Niyyata in ji labarin karatu, amma sai hira ta karkata kan wata tambaya da suka ce tana binsu tun ranar da suka shiga jami'a, wato tambayar garin asali.

Mai karatu ya san takardun da ake cikewa a ƙasar nan ta Gana. Bayan suna da ranar haihuwa, akwai gurbin da mutum zai rubuta garinsu. Ba'asante zai rubuta Mampong ko Bekwai, mutumin Ewe ya rubuta Keta ko Ho, ba tare da ya tsaya tunani ba, domin can ake kai gawar danginsa, can kuma gidan kakansa yake. To ɗan zango fa? Ɗaya daga cikin yaran ya ce shi Nima ya rubuta, sai abokan ɗakinsa suka yi masa dariya, wai Nima unguwa ce a Accra, ba gari ba. Na biyu ya ce Salaga yake rubutawa, alhali ƙafarsa ba ta taɓa taka Salaga ba, labari kawai ya ji a bakin kakarsa. Na uku kuwa Kumasi yake sawa, amma da an ji sunansa sai a sake tambayarsa: to, ainihi fa?

Wannan "ainihi" ita ce ke yi musu ciwo, kuma ban ga laifinsu ba. Kakanninmu fataucin goro ya kawo su ƙasar Gonja tun ba a san za a yi wata ƙasa mai suna Gana ba. Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892, sai fatake suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kumasi da bakin teku. Amma a 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta kafa dokar korar baƙi marasa takarda, ta ba su mako biyu, gidaje da yawa a zanguna sun watse, har da na waɗanda aka haifa a nan. Tsofaffinmu ba su manta ba, shi ya sa har gobe wasu ke gargaɗin jikokinsu su yi hattara da abin da suke rubutawa. Yaran nan ba su ga 1969 ba, amma sun gaji tsoron.

Da muka koma kan abin da kowa ke yi idan ya ajiye littafi, sai fuskoki suka saki. Biyu ƙwallo ne ya cinye su, kuma ba sa minti biyar ba su ambaci Mohammed Kudus ba, tunda ɗan Nima ne. Ita yarinyar lalle take yi wa amare da 'yan ɗakin kwanansu, Musulmi da Kirista, kuma da kuɗin take sayen takardun karatu. Wani kuma da wayarsa yake yawo yana ɗaukar hotunan tsofaffin gidaje a Sabon Zango kafin a rushe su.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne mai rubuta Salaga ɗin nan. Lissafin kuɗi yake karantawa, amma ya ji labarin cewa a Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon akwai tsofaffin rubuce-rubucen malamanmu da aka tattara tun shekarun 1960, na Larabci da na ajami, har da na Alhaji Umaru na Kete-Krachi wanda ya rasu a 1934. Da yake ya yi makarantar allo, sai ya tarar yana iya bin ajamin a hankali. Ya ce ranar ce ya fara jin cewa karatun allon da yake ɓoyewa abokansa ashe abin nunawa ne. Ni kaina da na yi shekaru ina koyarwa ban taɓa zuwa na duba takardun nan ba, kuma na ji kunya.

A kan zaman duniya ra'ayinsu ya rabu. Uku sun ce da sun gama shekarar bautar ƙasa za su nemi hanyar waje, domin sun ga yayyensu da digiri suna zaune a bakin titi suna shan shayi. Mai hotuna ya ce shi ba inda za shi. Yarinyar ta ce damuwarta ba aiki ba ne, gwaggwanninta ne, waɗanda ke lissafa mata ƙawayenta da suka yi aure duk ranar da ta zo hutu. Ta ce aure za ta yi, amma da takardarta a hannu. Na lura ba wanda ya yi maganar raina zango. Wanda zai tafi ma cewa ya yi sai ya gina wa mahaifiyarsa gida a Aboabo.

Kafin su tashi na yi musu irin tawa ta malamin makaranta. Na ba kowa takarda na ce ya rubuta mini layi uku da Hausa. Mutanen da ke rubuta dogayen bayanai da Turanci suka kama susar kai, wani ya rubuta ƙasa kamar kasa, wani ya haɗa kalmomi uku wuri ɗaya. Ba abin mamaki ba ne, tunda Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnati ta ɗauki nauyin koyarwa a makarantu. Na ce su riƙa aiko wa wannan shafi da wasiƙa ko da gajera ce, ni zan gyara. Biyu sun yi alkawari. Shi kuma na Salaga ya ce a hutu mai zuwa zai hau mota ya je ya ga garin da yake rubutawa.