Haihuwar Fari A Duwatsun Indiya

Ni ɗan fari ne, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kama sunana ba. "Wannan yaron" nake a bakinta har yau da furfura ta fara leƙowa a gemuna. Na kawo wannan ne domin mai karatu ya fahimci nauyin abin da ya same mu a gidanmu na Daura, ba Daurar Bayajida ba, tamu ta ƙasar Karaye a yammacin Kano, sa'ad da autarmu ta haifi ɗanta na fari a Indiya.

Mijinta hafsan soja ne mai muƙamin Manjo, mutumin Rogo. An zaɓe shi ya je kwas na kusan shekara guda a kwalejin horar da hafsoshi ta Wellington, can a duwatsun Nilgiri da ke jihar Tamil Nadu a kudancin Indiya, makarantar da Olusegun Obasanjo ya halarta a 1965, marigayi Muhammadu Buhari, ɗan waccan Daurar, ya biyo baya a 1973. Aka ba shi damar tafiya da iyali, ita kuwa tana da ƙaramin ciki. Inna ta ƙi, ta ce cikin fari a gaban uwa ake sauke shi. Da kyar na shawo kanta bisa alkawarin za a maido ta goyon ciki idan ya shiga wata na bakwai. To, ashe Allah ya ƙaddara ba haka ba. Hawan jini ya taso mata, likita ya hana ta doguwar tafiya a jirgi, Inna kuma ga tsufa ga ciwon ƙafa, ko Kano ba ta zuwa sai dole.

Alal haƙiƙa, a ƙasar Hausa haihuwar fari ta dangi ce kafin ta zama ta ma'aurata. Ungozoma ce ke yanke cibi, gwaggo ko kaka ce ke dafa ruwan wanka, wanzami ke aski, dangin miji ke kawo itace da kayan ƙauri. Uba ba shi da aiki sai sayen rago da sunkuyar da kai. Ita kanta mai jego, kunya ta hana ta nuna ɗokin ɗanta a gaban manya. Wannan duka aka cire wa yaran nan biyu a rana ɗaya, aka bar su a gidan bariki cikin sanyin dutse da gonakin shayi, tsakanin mutanen da ke magana da harshen Tamil.

Indiya ta riga mu da awa huɗu da rabi. Da asubarsu, wato tsakar daren mu, waya ta tashe ni. Murya na rawa ya ce, "Yaya, an sauka lafiya, namiji ne. Na yi masa huɗuba da kaina." Mutumin da ya saba ba ɗaruruwan sojoji oda, ga shi yana tambayata yadda ake riƙe jariri a yi masa wanka. Ni ma ban sani ba, 'ya'yana huɗu amma ban taɓa yi ba. Sai da na kai wa Inna wayar. Ta juya baya don kada su haɗa ido da suruki ko ta hoton waya, tana ba bango umarni, shi kuma yana bi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne su ma Tamilawa suna da irin al'adarmu. A wata na bakwai ko na tara sukan yi bikin sa wa mai ciki awarwaro, sannan ta koma gidan iyayenta ta haihu. Da maƙwabta suka ji ba ta da uwa a kusa, sai suka ɗauke shi babban rashi. Matar wani hafsan Indiya da wata dattijuwa Musulma daga garin Coonoor suka riƙa zuwa suna shafa mata mai suna dafa mata abinci har ta yi arba'in.

A nan ne nake son mu tsaya mu yi wa kanmu adalci. Inna ta yi kuka da ta ji ba a yi wa 'yarta wankan ganye da tafasasshen ruwa ba, ba ta sha kunun kanwa ba, ba ta kwanta a gadon wuta ba. A ganinta jiki ba zai gasu ba. Amma tun a shekarun 1970, likitoci biyu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, suka yi nazarin ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa a yankin, suka danganta yawansa da gishirin kanwa da kuma tsananin zafin da ake gasa mai jego da shi. Mu da Zariya kuwa maƙwabta ne, al'adar ɗaya ce. Yarinyar da hawan jini ya hana hawa jirgi, da a ɗakin Inna ta haihu aka ɗura mata kanwa safe da yamma, ban san labarin da zan ba ku yau ba. Ban faɗa wa Inna wannan ba sai bayan shekara. Abin da autarmu ta rasa na gaske shi ne hannun uwa da hutun kwana arba'in, kuma wannan babu asibitin da ke rubuta shi a takarda.

Duk da haka, ita mai sa'a ce, domin mijinta na gefenta. Ƙaramin soja ba a tura shi waje da iyali. Kakanninmu da aka ɗiba zuwa Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 a Yaƙin Duniya na Biyu, ta Indiyar nan suka ratsa, wasunsu suka dawo suka tarar da 'ya'yan da suka bari a ciki suna gudu a tsakar gida. Haka aka yi a Laberiya daga 1990, da Saliyo, da Darfur daga 2004. Matan da aka bari a barikokin Kano da Kaduna da Zariya, da yawansu nesa da garuruwansu, matan bariki 'yan'uwansu ne suka zame musu iyaye. Duk mai tsara walwalar soja da bai sa mai naƙuda a lissafi ba, rabin aiki ya yi.

Ranar suna rago biyu aka yanka, ɗaya a can, ɗaya a ƙofar gidan mahaifinsa a Rogo, inda liman ya raɗa sunan yaron da babu wanda ya taɓa ɗauka cikin masu shafa fatiha. Wani baffa ya tambaye ni ko yanzu yaron Ba'indiye ne. Na ce a'a, dokar Indiya ba ta ba ɗan baƙi ƙasa don kawai an haife shi a can, sashe na 25 na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya riga ya sa shi ɗan Nijeriya ta wajen iyayensa. Ofishin jakadancinmu da ke New Delhi ya ba shi takardar tafiya.

Da suka dawo, Manjo ya shigo zauren gidanmu rungume da ɗansa, yana kiran sunansa ƙarara a gaban surukai. Tsofaffi suka kalli juna, wani ya yi gyaran murya. Inna ta karɓi jikanta, ta juya shi gaba da baya, ta ce wannan mijin nata ba shi da ko kuɗin cefane, an kawo mata shi daga Indiya hannu rabbana. Sannan ta aika a sayo kanwa.