Kakata Ta Zauna Jiha Uku Ba Ta Bar Ɗakinta Ba

Wannan mako maganar mulki za mu taɓa, amma kada ki ajiye jaridar ki ce ai wannan hirar maza ce ta gindin bishiya. Duk macen da ta taɓa raba tuwo ga mutum goma sha biyu, nama kuwa yanka bakwai, ta san mulki fiye da yadda take zato.

Ina da kaka a Kebbe. Tun ran da aka kai ta ɗakin miji ba ta ƙaura ba, amma ta zauna jiha uku. An yi mata aure cikin Lardin Sakkwato na Jihar Arewa, zamanin Sardauna. A 1967 aka ce mata ita 'yar Jihar Arewa maso Yamma ce. A 1976 ta wayi gari cikin Jihar Sakkwato. Daga baya aka yanke Jihar Kebbi a 1991, aka yanke Zamfara a 1996, waɗanda da gidanmu ɗaya suka zama maƙwabta. Har yau in na ce daga Kebbe nake, sai a tambaye ni labarin Birnin Kebbi. Wasali guda ya mai da ni baƙuwa!

Ta ce kowane rabo sai an yi kiɗa an yi guɗa, a ce daɗi ya zo. Ita kuwa tambayarta ɗaya ce: "To, gero ya sauka?"

Kin san wannan a cikin gida. In gandu ya cika, sai ki ji matan wa da ƙane sun fara guna-guni, kowace tana cewa da za a raba tukunya da ta huta. A raba. Wata biyu kowa na fara'a. Ran nan sai ƙamshin miyar waccan ya tsallako zana, nan take taki miyar ta zama lami, alhali jiya kin sha ta har da suɗi. Ba na ce rabo ba shi da amfani ba, domin hukuma ta matso kusa, mai kuka ba ya doguwar tafiya. Sai dai ɗan Adam ba ya auna daɗinsa da cikinsa, da kwanon maƙwabci yake aunawa.

A makarantar horon malamai an koya mana cewa hankali ne ya raba mutum da dabba. Na yarda, amma na lura da wani abu. Galibi zuciya ce sarauniya, hankali kuwa zabiyarta. Ki ga atamfa jikin wata a gidan suna, zuciya ta riga ta yanke hukunci tun kafin a raba goro. Kafin ki iso gida hankali ya tsara miki dalili biyar: tsohuwar ta koɗe, salla ta kusa, mutuncin maigida ne. Haka muke yi ran zaɓe. Mu so mutum domin ɗan garinmu ne, sa'an nan mu aiki hankali ya nemo hujja. Da Aminu Waziri Tambuwal, wakilin mazaɓarmu ta Kebbe da Tambuwal, ya zama Kakakin Majalisar Wakilai a 2011, kuma ya zama Gwamna daga 2015 zuwa 2023, mun yi guɗa kamar kowace ita aka naɗa. Gari na wayewa kowace ta koma kan turminta.

Ga inda maganar ta shafe ki. Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen 1959 ba, sai a 1979 suka fara zaɓen shugaban ƙasa, bayan irin su Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kan haka. Gwamnati ba ta iya zuba miki farin ciki a kwano, ko mijinki ma bai iya ba. Amma tana iya gina rijiya, ta aje ungozoma a asibiti, ta sa malami a aji, ta tsare hanya har maigida ya dawo daga gona lafiya. In mai neman ƙuri'a ya aiko da sabulu da turmin zane, sai ki tambaye shi waɗannan, ki ƙirga amsarsa kamar yadda kike ƙirga canjin mai talla.

Na karanta wa kakata wannan takarda. Ta ce in an sake raba jiha, don Allah a sa ɗakinta cikin wadda ta fi kusa da rijiya.