Daga Rontijin zuwa Sibat: Sauya Ma'aunan Tururin Nukiliya a Mahallin Ribah

1.0 Gabatarwa

Ribah, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Danko/Wasagu a Masarautar Zuru ta Jihar Kebbi, tana cikin yankin tsofaffin duwatsu, kuma haƙar ma'adinai ta gargajiya sananniyar sana'a ce a kudancin jihar. Irin waɗannan duwatsu kan ƙunshi yuraniyom da toriyom da fotasiyom-40, masu fitar da tururin da ido ba ya gani. Wannan muƙala ta yi bayanin yadda ake mayar da sakamakon awon tururin daga tsofaffin ma'aunai zuwa daidaitattun ma'aunan duniya, domin amfanin mai fassara da mai nazarin keɓaɓɓun kalmomi.

2.0 Abubuwan da Ake Aunawa

Bahaushe ya san tiya daban, mudu daban, kuma da zira'i ake awon ƙyalle, ba hatsi ba. Haka lamarin yake a nan, domin abubuwa huɗu ake aunawa, kowanne da tsohon ma'auni da sabo.

Na farko shi ne yawan rugujewar ƙwayoyin zarra a cikin abu. Bekarel 1 rugujewa ɗaya ce a daƙiƙa, kuri 1 kuwa bekarel biliyan 37 ne. Na biyu shi ne cajin lantarkin da tururin ke haifarwa a iska: rontijin 1 daidai yake da kulom 0.000258 a kowane kilogiram. Na uku shi ne makamashin da abu ya tsotsa: gire 1 rad 100 ne. Na huɗu shi ne tasiri a jikin ɗan Adam: sibat 1 rem 100 ne.

An amince da rontijin a 1928. Babban Taron Duniya kan Ma'aunai ya karɓi bekarel da gire a 1975, sibat kuma a 1979. Duk da haka tsofaffin ma'aunan ba su gushe ba, domin har yau ana aiki da su a Amurka, kuma na'urori da dama da su suke nuna sakamako.

3.0 Matakan Sauyawa

Sauyi a cikin rukuni guda ninkawa ne ko rabawa kawai. Tsallakawa daga rukuni zuwa wani ne ke buƙatar sharuɗɗa. A ƙaddara na'ura ta nuna milirontijin 0.013 a sa'a a bakin wani rami kusa da Ribah:

i. Milirontijin 0.013 shi ne maikurorontijin 13.

ii. Maikurorontijin 1 yana ba da kimanin nanogire 8.7 a iska. Saboda haka 13 × 8.7 ya ba da kimanin nanogire 113 a sa'a.

iii. Kwamitin kimiyya na Majalisar Ɗinkin Duniya kan tasirin tururin nukiliya, wato UNSCEAR, yana ninkawa da 0.7 domin mayar da gire zuwa sibat ga baligi, da 0.2 a matsayin kason lokacin da mutum ke yi a waje. Shekara tana da sa'o'i 8,760. Don haka 113 × 8,760 × 0.2 × 0.7 ya ba da kimanin milisibat 0.14 a shekara.

Abin lura shi ne, 0.2 na nufin ƙasa da sa'o'i biyar a yini. Manomi ko mahaƙin da ke yin sa'o'i goma kullum a wannan wuri zai samu kimanin milisibat 0.29, wato ninki biyu. Alƙaluman na'ura ba su sauya ba. Yanayin rayuwar mutumin ne ya sauya sakamakon.

4.0 Ƙalubale ga Mai Fassara

A ƙiyasin UNSCEAR na 2008, matsakaicin abin da mutum ke samu daga halitta a duniya milisibat 2.4 ne a shekara. Iyakar milisibat 1 da Hukumar Ƙasa da Ƙasa ta Kariya daga Tururin Nukiliya ta shata wa jama'a ta shafi ƙarin da ayyukan ɗan Adam suka jawo ne, ba abin da ƙasa ke fitarwa da kanta ba. A Nijeriya, hukumar NNRA, wadda dokar 1995 ta kafa, ita ke sa ido kan wannan fanni.

Mai fassarar da ya musanya mili da maikuro ya yi kuskure ninki 1,000, wanda ya musanya rem da sibat kuma ninki 100. Ɗayan biyu zai faru: ko a firgita jama'a banza, ko a kwantar musu da hankali a kan haɗari. Haka nan kalmar "guba" takan rikita mai sauraro, domin tana tuno masa gubar dalma da ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, alhali a jini ake auna dalma, ba da sibat ba.

5.0 Kammalawa

Muƙalar tana ba da shawarar a hausantar da sunayen ma'aunai, amma a bar alamominsu na duniya, irin su Bq da Gy da Sv, yadda suke. Kada kuma a rubuta adadi ba tare da ma'auninsa da tsawon lokacinsa ba, kamar yadda ba a faɗin farashin dawa a kasuwar Ribah sai an ambaci mudu ne ko buhu.