Fitattun Fina-finan Shekarar 2023

Ma'auni uku ake yawan amfani da su wajen tantance fina-finan da suka yi fice a shekara: kuɗin da fim ya tara a gidajen sinima, lambobin yabon da ya ci a bukukuwa, da irin yadda labarinsa ya zauna a zukatan masu kallo bayan an daina tallarsa. Ba kasafai ma'aunan uku suke haɗuwa a kan fim guda ba, shi ya sa zaɓin kowane mai kallo yake shan bamban da na wani. Shekarar 2023 ta nuna hakan a fili, kuma a cikinta ne masana'antun fim suka farfaɗo sosai daga halin da annobar korona ta jefa su.

A Amurka, ranar 21 ga Yuli aka saki manyan fina-finai biyu lokaci guda. Barbie, wanda Greta Gerwig ta ba da umarni, ya tara sama da dala biliyan 1.4, ya zama fim mafi kawo kuɗi a shekarar. Oppenheimer na Christopher Nolan kuwa fim ne na awa uku a kan masanin kimiyyar da ya jagoranci ƙera bam ɗin nukiliya na farko a Los Alamos. An gwada bam ɗin ranar 16 ga Yulin 1945, kafin a jefa biyu a biranen Hiroshima da Nagasaki cikin watan Agusta. Fim ɗin ya fi mai da hankali kan abin da ya biyo baya: damuwar da ta kama mutumin, da yadda gwamnatin da ya yi wa aiki ta juya masa baya a 1954. Duk da tsawonsa da nauyin zancensa, ya tara sama da dala miliyan 900, ya kuma ci kyautar Oscar bakwai a watan Maris na 2024, ciki har da ta gwarzon fim, da ta darakta, da ta babban jarumi wadda Cillian Murphy ya karɓa. Shi ne fim ɗin da ya fi kusa da cika ma'aunan uku gaba ɗaya.

Killers of the Flower Moon na Martin Scorsese bai yi irin wannan sa'a ba. Ya ba da labarin gaskiya na ƙabilar Osage ta jihar Oklahoma, waɗanda aka gano man fetur a ƙasarsu, aka riƙa kashe su ɗaya bayan ɗaya a shekarun 1920 don a gaje dukiyarsu. An sa sunansa a takara goma ta Oscar, bai ci ko ɗaya ba, amma wasan da Lily Gladstone ta yi a matsayin matar da mijinta yake cutar ta a ɓoye yana cikin abin da aka fi yabawa a shekarar.

A Indiya, wadda fina-finanta suka daɗe da samun gindin zama a ƙasar Hausa, shekarar ta Shah Rukh Khan ce. Tun bayan Zero na 2018 bai sake jagorantar fim ba, sai ga shi da guda uku: Pathaan a Janairu, Jawan a Satumba, Dunki a Disamba. Na farko da na biyu kowanne ya haura rupi biliyan 10. Jawan, wanda Atlee daga kudancin Indiya ya ba da umarni, ya cusa maganar bashin da ke kashe manoma da lalacewar asibitocin gwamnati a cikin faɗa da waƙa. Sai dai kyautar Filmfare ta gwarzon fim ta tafi ga 12th Fail, ƙaramin fim na Vidhu Vinod Chopra a kan Manoj Kumar Sharma, ɗan talaka da ya faɗi jarrabawar gama sakandare, ya yi ta sake gwadawa har ya zama babban jami'in ɗan sanda. Yabon da masu kallo suka riƙa yi masa a tsakaninsu ne ya tsawaita zamansa a sinima makonni da yawa.

Fina-finan da suka shafi Afirka sun cancanci a tsaya a kansu, domin labaransu sun fi kusa da gida. Io Capitano, na daraktan Italiya Matteo Garrone, ya bi wasu samari biyu 'yan Senegal da suka bar Dakar da burin shiga Turai. Hanyarsu ta ratsa Mali, ta biyo ta Agadez, ta shiga hamada zuwa Libiya, inda suka gamu da kurkukun 'yan fashi da azabtarwa, kafin a danƙa wa ɗayansu tuƙin jirgin ruwa cike da mutane alhali ko iyo bai iya ba. An gina labarin ne a kan bayanan waɗanda suka yi tafiyar da ƙafafunsu. Garrone ya ci kyautar darakta a bikin Venice, jarumin fim ɗin, Seydou Sarr, ya ci ta matashin ɗan wasa.

Daga Sudan, Goodbye Julia na Mohamed Kordofani ya zama fim na farko daga ƙasar da ya shiga jerin da bikin Cannes ya zaɓa a hukumance. Labarin wata mata ce 'yar arewa a Khartoum da ta yi sanadin mutuwar wani ɗan kudu, ta ɗauki matarsa aiki a gidanta ba tare da ta gaya mata gaskiya ba, a shekarun da suka gabaci ɓallewar Sudan ta Kudu a 2011. An nuna shi a watan Mayu, makonni kaɗan bayan ɓarkewar yaƙi a Khartoum ranar 15 ga Afrilu, don haka titunan da ake gani a cikinsa sun riga sun zama fagen fama.

A Najeriya, fina-finai biyu ne suka nuna tazarar da ke tsakanin kasuwa da yabon masana. Mami Wata na C.J. Obasi, wanda aka ɗauka da hoto baƙi da fari, ya ci kyauta ta musamman kan ɗaukar hoto a bikin Sundance a Janairu, shi ne kuma ƙasar ta tura takarar Oscar, amma bai yi wani ciniki a sinimar gida ba. A Tribe Called Judah na Funke Akindele, labarin uwa mai 'ya'ya maza biyar kowanne da ubansa daga ƙabila daban, ya fito a tsakiyar Disamba, kuma a farkon Janairun 2024 ya zama fim ɗin Najeriya na farko da ya tara sama da naira biliyan 1 a sinima.

Abin da ya haɗa yawancin waɗannan fina-finai shi ne sun samo tushe daga abin da ya faru da gaske: bam na 1945, kisan Osage, jarrabawar ɗan talaka, hanyar Agadez, rabuwar Sudan.