Ciwon Da Kan Ɓuya Bayan Yaro Ya Bugu A Ka

Kwanar Ɗangora mararraba ce. Nan hanyar Tudun Wada da Doguwa ta rabu da babbar hanyar Kano zuwa Zariya, motoci da babura ba su yankewa dare da rana, ga kuma yara masu talla suna kutsawa tsakaninsu. A ƙauyukan Kiru da Bebeji kuwa, in mangwaro ya nuna, ba a rasa yaron da ya faɗo daga bisa. Yawancin waɗanda suka bugu a ka sukan warke sarai. Amma akwai kaɗan da ciwonsu kan ɓuya, su ne abin magana a nan.

Ga yadda abin yake. Buguwa takan tsaga bangon wata jijiyar jini a cikin ƙoƙon kai, jini ya tsiyaya ya daskare kewaye da tsagar, wurin ya kumbura kamar yadda tayar keke kan yi ciki in ta raunana. Kumburin nan ba shi da bangon kirki, gudan jini ne kurum ya tare shi. Yaro ya tashi, ya ci tuwo, ya koma wasa, iyaye su ce an wuce wurin. Sai bayan mako 2 ko 3 abin ya fashe, jini ya malala cikin ƙwaƙwalwa. A manya irin wannan bai kai 1 cikin 100 na kumburin jijiyoyin ka ba, amma a yara rabonsa ya fi haka nesa, in ya fashe kuwa sau da yawa rai kan salwanta.

Da can ba dabara sai a buɗe ƙoƙon kai a ɗaure jijiyar, har yanzu ma akan yi haka in ya kama. Amma a 1927 wani likitan Fotugal, Egas Moniz, ya gano yadda za a zuba wani ruwa cikin jini a ɗauki hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwa. A 1953 Seldinger na ƙasar Suwidin ya nuna yadda ake zura siririn bututu cikin jijiya da allura, ba yanka. Daga nan a 1990 Guido Guglielmi, mutumin Italiya mai aiki a Amurka, ya fito da lallausar waya ta farin ƙarfen nan filatinam.

Watau likita yakan huda jijiya a gindin cinyar yaro, ya tura bututun sannu sannu yana duban hotonsa, har ya kai cikin ka. Sa'an nan ya cusa wayar ta nannaɗe cikin kumburin, jini ya daskare a kanta, ƙofa ta toshe. Sai dai da yake bangon ruɓaɓɓe ne, wayar takan nutse kumburin ya dawo, saboda haka sau da yawa gwanaye sukan gwammace su toshe jijiyar ɗungum a daidai tsagar. Abin mamaki, yara sun fi manya jure wannan, domin ƙananan jijiyoyi na kewaye sukan karɓi aikin. Duk da haka sai an sake hoto bayan watanni a tabbata.

Aikin nan yana son na'ura mai tsada da ƙwararrun hannu, ba kowane asibiti ke da su ba. Abin da ke hannun iyaye shi ne lura. Yaron da ya bugu a ka, ko da an sallame shi, in aka ga matsanancin ciwon kai ya taso masa bayan kwanaki, ko amai, ko yawan barci, ko jijjiga, ko haɓo mai ƙarfi da ya ƙi tsayawa, ko ido ya firfito, ko hannu da ƙafa sun mutu, to, lalle kada a tsaya jiƙe-jiƙe ko sayen ƙwaya a kemis. A nufi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda likitocin ƙwaƙwalwa suke. A kuma faɗa musu ranar da ya bugu da abin da ya buge shi, ko da an yi wata guda, gama wannan labarin ne zai sa su nemi hoton jijiyoyi.